Kafin a Rufe wa Almajiri Ƙofa: Martani Daga Ƙoƙi

Wani marubuci ya fito kwanan nan da ra'ayinsa a kan yaran da ke yawo da robar bara a lungunan Kano, kuma da yake abin da ya faɗa shi ne abin da 'yan boko da dama ke faɗa a majalisa da gidajen rediyo, ya cancanci a tsaya a auna shi. A ganinsa, mutanen Kano ba su rasa tausayi ba, sanin inda ya kamata su kai sadakarsu suka rasa. Ƙungiyoyin kula da yara suna nan da rajista da ofis, amma jama'a ba su san da su ba, don haka babban aikin da ke gabanmu shi ne wayar da kai. Ya ce talaucin yaro laifin uban da ya haifi abin da ba zai iya riƙewa ba ne, kuma duk matar da ta zuba wa almajiri tuwo a bakin zaure tana taimaka wa wannan uban ya ci gaba da gudun nauyinsa. Maganin da ya kawo shi ne a daina bayarwa a ƙofa, a tara kuɗin a miƙa wa ƙungiyoyi. Ba na zargin niyyarsa. Wanda ya damu har ya ɗauki alƙalami ya fi wanda ya ɗaga gilashin mota ya wuce. Amma ya ɗora maganinsa a kan cutar da ba ita ke damun mara lafiyan ba, kuma idan aka bi shawararsa yadda ya tsara ta, wanda zai fara biyan kuɗinta shi ne ƙolo ɗan shekara bakwai da ba a yi shawara da shi ba.

A fara da batun wayar da kai, domin shi ne ginshiƙin rubutun nasa. Wannan dabara tana da asali, kuma asalinta ya nuna inda take aiki. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata Baturiya mai suna Eglantyne Jebb ta tsaya a tsakiyar Landan tana raba takardu masu hoton yaran Ostiriya da yunwa ta ƙanjame, har aka kama ta aka ci ta tara. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar Save the Children ta samu. Hoton ya zama dole ne saboda yaron yana Biyana, mai kuɗin yana Landan, idonsu bai taɓa haɗuwa ba. To a unguwar Ƙoƙi ta Kano wa za a nuna wa hoto? Wanda ya fito sallar asuba zai tsallake yaran da suka kwana a rumfa. Wanda ya nufi kasuwar Kurmi zai ci karo da su kafin ya isa. Matar da ke cikin gida, wadda ko waje ba ta leƙa ba, tana jin muryarsu daga zaure safe da rana da dare, suna roƙon ko ɗan ƙanzo ne. Babu garin da ya san fuskar yaro matalauci kamar Kano. Abin da ya kamata a bincika shi ne irin kallon da muke yi masa bayan mun gan shi, kuma nan ne marubucin bai leƙa ba sam.

Mun raba yaran talakawa gida uku a zukatanmu ba tare da mun furta ba. Akwai maraya, wanda addini ya ɗaukaka matsayin mai riƙonsa, shi ne ake tunawa da shi da azumi, a ɗinka masa kayan sallah, a kai buhunan shinkafa gidan marayu na Nassarawa a ɗauki hoto. Akwai almajiri, wanda ake ba shi ragowar abinci amma ba a ba shi girma ba, ana kiran sunansa a matsayin zagi idan ɗan gida ya yi ƙazanta. Sai na uku, wanda ya fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma ba shi da suna: yaron da uwarsa da ubansa ke raye, yana kwana a ɗakinsu, amma tukunyar gidan ba ta hawa murhu sau biyu a rana. Ƙanwarsa ce ke ɗauke da farantin talla a bakin titi da ƙarfe goma na safe, lokacin da sa'o'inta ke aji. Binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci, kuma a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 18 adadin ya kai kashi 67.5. A jihar Kano kaɗai mutanen sun haura miliyan 10. Wato yaro biyu cikin kowane uku na cikin talauci, kuma yawancinsu ba marayu ba ne, ba kuma almajirai ba ne, yaran gida ne. Ƙungiyar da ke rayuwa da gudummawar jama'a dole ta bi inda zuciyar mai bayarwa ta karkata, kuma zuciyarmu ga maraya ta karkata. Idan aka ƙara tallata ƙungiyoyi ba tare da an taɓa wannan rabon na zuci ba, kwandon da ake zubawa a ciki shi zai ƙara cika, sauran biyun su ci gaba da zama yadda suke.

Batun uba kuwa, akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta don in ci gardama ba. Akwai mazan da ke ƙara aure alhali na gida ba su ƙoshi ba. Akwai wanda zai miƙa ɗansa ga malami da allo da tabarma kawai, ya shekara biyu bai aiko da mudun gero ba. Sarki Muhammadu Sanusi II ya sha faɗin wannan a bainar jama'a, kuma malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba cewa ciyar da ɗa wajibi ne a kan mahaifinsa. Amma in da halin iyaye ne kaɗai sanadi, da mun ga abin ya bazu daidai a ko'ina, tunda mugun uba babu inda ba a samunsa. Abin da ake gani daban ne. Wannan binciken na 2022 ya nuna talauci a karkara kashi 72 ne, a birni kashi 42, kuma daga karkarar ce almajiran ke kwararowa, sun fi yawa da rani bayan an cire amfanin gona, lokacin da rumbu ya fara nuna gindinsa. Paul Lubeck ya rubuta tun 1986 yadda tafiyar almajirai da gardawa ke bin zagayen damina da rani, da yadda kuɗin fetur ya birkita wannan tsohon tsari. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a cikin birnin Kano da kuma Albasu kafin ta fitar da littafinta a 2018, ta tarar da iyayen da suka san me suke yi: gona ba ta isa, aure ya mutu an rasa mai riƙon yaro, makarantar gwamnati ta ƙauye ba ta koyar da abin kirki, ga kuma imani na gaske cewa haddar Alƙur'ani gado ce da ta fi gona. Shaida a kan lalacewar makarantun ba daga bakin 'yan adawa ta fito ba, Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. A ƙara da tsadar abinci bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da manoman Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Uban da ya tura ɗansa birni sau da yawa lissafin baki yake yi, baki nawa rumbun zai iya ɗauka har zuwa kaka.

Mutanen Ƙoƙi sun fi kowa cancantar yin hattara kafin su yanke wa yaro mai roba hukunci, domin gidan da ya fi kowane gida suna a unguwar almajiri ne ya kafa shi. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, aka bar shi a hannun wata baiwa mai suna Tata, wadda sunanta ne zuri'ar ke amsawa har yau. Ya yi karatun allo a Bebeji, kuma masu ba da tarihinsa sun ce sai da ya nemi abin da zai ci da kansa kamar kowane almajiri. Yaƙin basasar Kano na 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, ya fanshi kansa. Daga nan sai fataucin goro zuwa Gwanja, sai gida a Ƙoƙi, sai cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa, har aka wayi gari a 1929 ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin bankin da aka buɗe a Kano. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi mafi arzikin Afirka ta Yamma. Da matan Bebeji sun karanta irin rubutun da nake mayar wa martani sun rufe ƙofofinsu, ban san yadda tarihin kasuwancin Kano zai kasance ba.

Sai dai ba zan yi amfani da wannan labari yadda masu kare bara ke yi ba, su ce ai wane ma almajiri ne ga shi ya zama attajiri, don haka a bar abin yadda yake. Ɗantata ɗaya ne, waɗanda suka yi bara tare da shi suka mutu da talaucinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Darasin da ke cikin labarin ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi amfani. Abin da ya riƙe yaron bai wuce mutum ɗaya da ta ɗauke shi nata ba, sai dangin sana'a da suka buɗe masa hanya daga baya. Wannan alaƙa tana nan da rai a birni, ita ce ta almajiri da uwar ɗakinsa. Yana ɗebo mata ruwa, ya je mata cefane, ta ajiye masa kwanonsa, ta ba shi sabulu, in ya yi zazzaɓi ta saya masa magani, wani har a sa shi a shagon maigidan ya koyi ciniki. Ba na wanke ta tas. Almajiran da suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a Kano a 2011, da kansu suka nuna yadda ake zuba musu abincin da ya lalace, ake sa su aikin ƙato a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, ake kiransu ɓarayi in cokali ya ɓace. Wannan shi ne halin da ke buƙatar gyara, kuma a kansa ne wa'azi da shirin rediyo za su yi tasiri: abincin da ba za ki ba ɗanki ba kada ki zuba a robar ɗan wani. Marubucin ya ga alaƙa mai rauni, maimakon ya ce a ɗaure ta da kyau sai ya ce a tsinke ta, a maye gurbinta da lambar asusun banki.

Kuma rufe ƙofa ba sabon tunani ba ne da ba a taɓa gwadawa ba. Gwamnatin Kwankwaso ta haramta bara a titunan Kano a 2013. Gwamnatin Ganduje ta sake haramtawa a Fabrairun 2020, abin da shi kansa ya isa shaida a kan inda haramcin farko ya ƙare. Watanni biyu bayan haka, da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yi ta loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, Kano ta aika Kaduna da Jigawa da Katsina, su ma suka aiko nata, aka gano wasu yaran ɗauke da cutar bayan an gwamutsa su a hanya. Kafin shekara ta zagayo lungunan sun sake cika. A ɗaya ɓangaren, Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a Afrilun 2012, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasar, da yawansu suka koma kango saboda an gina bango ba a tanadi abin da za a dafa a ciki kullum ba. Duk waɗannan matakai sun taɓa inda yaron yake tsayawa, ba su taɓa dalilin tsayuwarsa ba. Abin da marubucin ke nema shi ne matan gida su aiwatar da haramcin da Hisba da 'yan sanda suka kasa aiwatarwa.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce wannan: muddin uba ya san birni zai ciyar masa da ɗa kyauta, ba zai daina turowa ba, don haka tuwon ƙofa shi ke raya tsarin. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya. Da babu mai bayarwa ko ɗaya, lissafin wasu iyayen zai canza. Amma a tambayi yadda saƙon zai isa ƙauye. Ba ta wasiƙa zai je ba, ta cikin yaron zai bi. Sai ya kwana da yunwa dare bayan dare, ya rame, labari ya kai gida, sannan uban ya yi tunani, in ma yana da abin da zai ba shi idan ya dawo. Wato a horar da babba ta hanyar azabtar da ƙarami. Sannan yaro mai jin yunwa ba ya zama wuri ɗaya yana jiran manufa ta yi aiki. Idan gidajen unguwa suka rufe, tasha zai nufa, ko mahaɗar titi inda motoci ke tsayawa, ko ya ɗauki buhu ya shiga jari-bola. A can babu uwar ɗaki da ta san sunansa, babu mai tambaya in bai zo ba kwana biyu, akwai masu sayar da ƙwaya da masu neman yaran da za su yi musu bangar siyasa. Barar gida-gida a unguwar da aka san malaminsa da barar titi ba abu ɗaya ba ne, kuma shawarar marubucin za ta kashe ta farko ta ciyar da ta biyu.

Saura ƙungiyoyin da yake so a miƙa wa amanar. Ba na jin rashin sani ne ke hana mutane ba su kuɗi. Ɗan kasuwar Kwari da ke aika kuɗi Guangzhou ta waya bai jahilci yadda ake tura gudummawa ba. Yana ba wanda idonsa ya gani ne domin ya ga inda abin ya shiga, kuma ya sha jin labarin kayan tallafi da suka ɓace tsakanin sito da mabuƙata. Ƙungiyar da ke son kuɗinsa sai ta buɗe littafinta, talla ba za ta saya mata yarda ba. Amma a ɗauka duk sun zama amintattu, tambayar girma tana nan. A Ƙoƙi ɗin nan aka san Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, jikar Alhassan kuma mahaifiyar Aliko Ɗangote, da dafa abinci ana raba wa mabuƙata shekara da shekaru. Marigayi Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a Yunin 2025, ya yi ta bayarwa ga asibitoci da makarantu har ƙarshen rayuwarsa. Da wuya a samu wata unguwa a Afirka ta Yamma da ke da masu bayarwa irin waɗannan, kuma duk da haka yara ba su daina sallama a zaurukan unguwar ba. Wannan ba gazawar masu kyautar ba ce, iyakar kyauta ce. Manyan ƙungiyoyin duniya ma haka. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ta sanar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025, a shekarar da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta USAID. Waɗannan yaran ba almajirai ba ne, yawancinsu a bayan uwayensu aka kawo su. Abin da ya rataya a kan ganin damar mai bayarwa, ko yana Ƙoƙi ko yana Washington, yana iya tsayawa ranar da ya ga dama.

Shi ya sa nake ganin kalmar da ta ɓace a rubutun nasa gaba ɗaya ita ce hakki. Musulunci bai bar talaka a hannun tausayi kaɗai ba, ya yanka masa rabo sananne a dukiyar mawadaci, ya lissafa waɗanda za a ba, faƙirai da miskinai a sahun gaba, bai kuma sa sharaɗin sai uban yaro ya mutu ba. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Garin da ke da Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, in da zakkar dukiyarsa na taruwa ana raba ta da tsari, da ba a wannan matsayi muke magana ba. Dokar ƙasa ma ta yi nata alkawarin: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, dokar kare hakkin yara ta 2003 sai a Mayun 2023 Kano ta sa hannu a kan tata, kuma a wannan watan ne aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ya tsaya ne a 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, wato yaron tsangaya, wanda ya fi kowa buƙatar kwanon, tun farko ba da shi aka yi lissafi ba. In akwai wayar da kan da Kano ke buƙata, ita ce mutum ya san waɗannan abubuwa suna rubuce, ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa nawa aka ware, nawa aka saki, tsangaya nawa a mazaɓarsa aka kai wa buhun masara a bana. Mai kallon abincin yaro a matsayin alfarma godiya yake jira, mai kallonsa a matsayin hakki lissafi yake nema, kuma na biyun ne gwamnatoci ke tsoro.

Ba na cewa bara ta dawwama. Yaro ɗan shekara shida da ke yawo ba takalmi cikin hunturu abin kunya ne gare mu duka, kuma alarammomi da yawa sun fi kowa son a sauke musu wannan nauyi, domin kuɗin Laraba ba ya ciyar da yara tamanin. Saɓanina da marubucin a kan jeri ne, me zai riga me. Mai unguwa ya san tsangayun da ke ƙarƙashinsa, kowane malami ya san yawan ɗalibansa da garuruwansu, don haka ƙidayar ba ta buƙatar ƙwararru daga waje. A fara ɗora tukunya a tsangayar, daga zakka ko daga baitulmali ko daga waƙafin attajiran unguwa, a tabbatar tana dahuwa ran Talata kamar yadda take dahuwa ran Juma'a, a ɗaure uban da ke da hali ya riƙa aiko da nasa kason, sannan a ce wa yaro ya ajiye roba. Marubucin ya juya jerin, ya fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Kuma a duk tsawon rubutunsa bai ambaci sunan ƙungiya ko ɗaya ba wadda, idan matan Ƙoƙi suka bi shawararsa daga gobe, za ta kasance a bakin tsangaya bayan sallar magariba da tuwon yara tamanin.